VINE: na'urar da ke buga waya idan an saki wanda ya cuce ka

A watan Disambar 1993, a birnin Louisville na jihar Kentucky ta Amurka, wani tsohon saurayi ya harbe Mary Byron a ranar da ta cika shekara 21, tana fitowa daga wurin aiki. Da ma yana tsare bisa zargin ya yi mata fyaɗe, sai aka biya belinsa, kuma ba wanda ya sanar da ita. Wannan kisa ne ya haifar da VINE a 1994, tsarin da ke sanar da wanda aka zalunta duk lokacin da aka saki mai laifin, ko aka sauya masa gidan yari, ko ya tsere. Yanzu galibin jihohin Amurka da shi suke aiki.

Rajista kyauta ce, kuma fursunan ba zai san ka yi ba. Ka shiga shafin VINELink ko manhajar waya, ka zaɓi jiha, ka nemi mutumin da sunansa ko da lambarsa ta fursuna. Lambar ta fi, domin harafi ɗaya ya kuskure a suna sai a ce maka babu shi. Daga nan ka zaɓi kira, ko saƙon waya, ko imel. Mai neman kira zai ƙirƙiri lambar sirri mai alƙaluma huɗu.

Wannan lambar ita ce abin da ya fi burge mu. Idan na'ura ta kira, bayan ta karanta saƙon sai ka danna lambar da alamar #. In ba ka danna ba, za ta yi ta kira, a jihohi da yawa har tsawon sa'o'i 24, ko da ta bar saƙon murya. Naci ne mai amfani, amma yana da sharaɗi: kada ka ba da lambar ofis wadda wani ke ɗagawa ya haɗa ka, kada kuma ka ba da wayar da yara ke wasa da ita. Wanda ya manta lambar sirrinsa kuwa, ya shirya kwana da ƙarar waya.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne bayan yanke hukunci. Gidan waƙafi na gunduma daban, gidan yarin jiha daban, kowanne da kundinsa da lambar da yake ba fursuna. A wasu jihohi, in aka ɗauke mutum daga na farko zuwa na biyu, tsohuwar rajistarka ba ta bin sa, sai ka sake sabuwa. Fursunonin gwamnatin tarayya ma ba nan ake bibiyarsu ba, suna da tsarinsu na Ma'aikatar Shari'a mai suna VNS. Sannan na'urar abin da ma'aikacin gidan yari ya shigar a kwamfuta take faɗa. In ya yi jinkiri, ita ma ta yi. Masu tsarin da kansu suna gargaɗin kada a dogara da shi kaɗai wajen kare kai.

Shi ya sa muke ganin VINE rabin aiki ne. Ɗaya rabin yana hannun jami'an ofishin kula da waɗanda aka zalunta da ke cikin hukumar gidajen yarin jiha, kuma sau da yawa rajistarsu daban ce, da takardar da ake cikewa. Su ne za su gaya maka ranar da za a zauna duba sakin talala, wato sakin fursuna bisa sharaɗi kafin wa'adinsa ya cika, su taimaka ka rubuta bayanin irin ɓarnar da laifin ya yi maka, su nuna maka yadda ake neman a gindaya wa mai laifin sharaɗin kada ya tuntuɓe ka. In wasiƙu na zuwa maka daga kurkuku ba da sonka ba, wurinsu ake kai ƙara. Haka batun diyyar da kotu ta yanke.

Ranar da ka sauya lambar waya ko gida, ka gyara a wuraren biyu, domin ɗaya ba lallai ya sanar da ɗaya ba.