Akwatin gwaje-gwajen Arshimidis da na saya a Jos: abin da na gani bayan wata biyu

A farkon hutun da ya wuce na shiga wani shagon littattafai da kayan makaranta da ke kusa da Taminus, da niyyar sayen kamfas da rula, sai mai shagon ya sauko da wani akwatin katako daga kanta ya ce, "Malam, tun da lissafi kake koyarwa, duba wannan kafin ka tafi." A cikinsa akwai ƙwallon roba da ake raba shi gida biyu, da gwangwani mai garai-garai, da mazubi mai siffar mazurari, da sandar awo mai duwatsun sikeli, da ɗan bututu mai murɗaɗɗen ciki, sai ƙaramin littafi na Turanci kan rayuwar Arshimidis, masanin lissafin Girkawa. Kuɗinsa ba kaɗan ba ne ga mai albashin malanta, amma na saya, kuma na yi wata biyu ina amfani da shi, da farko a gida tare da ɗana da 'yar ƙanwata, daga baya kuma a aji.

Abin da ya fi komai daraja a akwatin shi ne ƙwallon da gwangwanin. An ƙera su yadda ƙwallon zai shige cikin gwangwanin daidai, ya taɓa gefe, ya taɓa ƙasa, ya kuma zo daidai da baki. Idan aka cika ƙwallon da ruwa aka juye a gwangwanin, ruwan yana tsayawa a kashi biyu cikin uku, idan kuma aka ƙara ruwan mazurarin sai gwangwanin ya cika fal ba tare da ya zuba ba. Na shekara da shekaru ina rubuta wannan ƙa'ida a allo, ɗalibai suna haddacewa don jarrabawa suna mantawa bayanta, amma ranar da 'yar ƙanwata ta juye ruwan da hannunta ta maimaita har sau huɗu, tana neman inda za ta kama kuskure, ba ta samu ba. Wannan shi ne sakamakon da Arshimidis ya fi alfahari da shi a duk aikinsa, har ya nemi a sa siffar ƙwallo cikin gwangwani a kan kabarinsa. Da wannan alama ce Sisero, ɗan siyasar Rum, ya gane kabarin a shekara ta 75 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), bayan ciyayi sun rufe shi mutanen garin sun manta da shi. Masu ƙera akwatin sun kyauta wajen awo a nan, domin da an sami ɗan bambanci a girman kayan, da gwajin ya ɓata darasin gaba ɗaya.

Sandar awon ma ta yi aikinta. Dutse biyu a tazara ta uku suna daidaita da dutse uku a tazara ta biyu, kuma yaro yakan gano dokar da kansa kafin a faɗa masa. Sai dai duwatsun ƙanana ne sosai, ɗaya ya riga ya ɓace mana, kuma ba a sayar da su daban.

Ɗan littafin ne ya raba mini hankali biyu. Ya kawo tarihin mutumin daidai gwargwado: an haife shi wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a birnin Sirakus da ke tsibirin Sisili, wanda yau yake cikin Italiya, mahaifinsa Fidiyas masanin taurari ne, ya riƙa aika sakamakon bincikensa ga malaman Iskandariyya ta Masar, ciki har da Iratostinis, kuma wani sojan Rum ya kashe shi a shekara ta 212, lokacin da rundunar Marsilus, kwamandan Rum, ta ci birnin bayan doguwar kewayewa wadda na'urorin yaƙin da ya ƙera suka taimaka wajen tsawaita ta. Amma kusan rabin shafukan sun tafi a kan labarin yadda ya gano, yana cikin kwamin wanka, hanyar gane ko an yi algus a kambin zinariyar Hiyero, sarkin Sirakus, an kawo shi tamkar abin da aka shaida da ido, alhali Bitrubiyus, marubucin Rum da ya ba da labarin, ya rubuta shi ne kimanin shekara 200 bayan rasuwar Arshimidis, kuma babu shi a cikin rubuce-rubucen mutumin da suka iso gare mu. Abin da ke cikinsu shi ne ƙa'idar da ta ce duk abin da aka tsoma a ruwa yana rage nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture, kuma littafin ya ba ta layi uku kacal.

Akwai kuskure ɗaya da ba zan iya kau da kai daga gare shi ba, domin ya shafi abin da nake koyarwa kullum. Littafin ya ce Arshimidis ya gano cewa kewayen da'ira idan aka raba shi da faɗinta yana ba da 22 bisa 7. Ba haka ya ce ba. Ya zana siffa mai gefe 96 a cikin da'ira, ya zana wata a wajenta, ya nuna cewa adadin ya fi 3 da 10 bisa 71, kuma bai kai 3 da 1 bisa 7 ba. Wato 22 bisa 7 iyaka ce ta sama, ba ita ce amsar ba, kuma duk gwanintar aikin tana cikin wannan matsewa da ya yi wa adadin tsakanin iyakoki biyu. Ɗaliban da ke shirin jarrabawar WAEC sun riga sun ɗauki 22 bisa 7 a matsayin gaskiya tsantsa, bai kamata littafin da aka rubuta don girmama mutumin ya ƙara dasa musu wannan fahimta ba. Na gyara wurin da biro kafin na kai shi aji.

Na kuma ji takaicin yadda littafin ya tsallake daga Girkawa zuwa Turawan baya ba tare da ya ambaci Bagadaza ba. Sabitu bin Ƙurra, wanda ya rasu a shekara ta 901 miladiyya, yana cikin waɗanda suka yi aikin mayar da rubuce-rubucen Arshimidis zuwa Larabci, kuma akwai ayyukan da ake jingina masa waɗanda ta hanyar Larabci kaɗai suka tsira. Ga yaron da ke zuwa Islamiyya da yamma a Unguwar Rogo ko Gangare, sanin wannan yana kusantar masa da darasin ƙwarai. Littafin dai ya yi daidai da ya kawo labarin tsohon kundin fata da aka kankare rubutun Arshimidis aka rubuta addu'o'i a kai, wanda masani Haibag ya bincika a Istanbul a 1906.

Bututun nan mai murɗaɗɗen ciki, wanda ake juyawa ya ɗaga ruwa sama, shi ne mafi rauni a akwatin. Robarsa sirara ce, mariƙin yana kwancewa, kuma idan ba a karkata shi a hankali ba ruwan yakan koma baya. Abin ya dame ni domin a Jos ne wannan na'ura ta fi dacewa a nuna ta da kyau: da yawa daga cikin ɗalibaina 'ya'yan masu noman rani ne da ke jan ruwa da inji daga tsofaffin kududdufan haƙar kuza a wajen Bukur, kuma tambayar farko da suka yi ita ce ko babbar irinta za ta iya hau da ruwa zuwa lambu ba tare da fetur ba. Da wanda ke cikin akwatin ba zan iya gamsar da su ba, sai da na kai shi wurin wani mai walda ya ɗaure mariƙin.

Ga malamin ƙaramar sakandare, ko uban da zai zauna tare da yaransa, ina ganin akwatin ya cancanci kuɗinsa saboda ƙwallon da gwangwanin da sandar awon. Ban ba da shawarar a miƙa wa yaro shi kaɗai da littafin ba. Na koma shagon na nuna wa mai shi shafin da ke da kuskuren, ya rubuta lambar shafin a takarda, ya ce zai sanar da wanda yake kawo masa kayan.