Ciwon da dabba ta yi tana raye, ko ɓarnar bayan mutuwa?

Wani ɗan'uwa ya tono ƙashin ƙafar saniya a wani kufai, ga kumburi ga rami a jikinsa. Yana tambaya: cuta ce, ko daɗewa a ƙasa ne ya ɓata shi?

Malam, fara duba ko ƙashin ya yi sabon tsiro, domin ƙashi mai rai ne kaɗai ke gyara kansa. Share ƙasar da burushi mai laushi, ka haska fitila ta gefe, ka sa madubi mai ƙara girma sau 10.

Karayar da ta warke tana da kumburin ɗori a kewaye. Sabon ɗori yana da ƙananan ramuka kamar soso, tsoho kuwa ya yi sumul, bakinsa ya dakushe, wani lokaci ƙashin ya haɗe a karkace. Ƙashin da aka fasa ɗanye don cire ɓargo yakan tsage a murɗe, bakin da santsi da kaifi, launinsa ɗaya da sauran jiki. Wanda ya karye bayan ya bushe, bakinsa da kaushi, kuma idan wajen tono aka fasa shi, gurbin zai fi sauran haske.

Batun rami ne ke yawan ruɗa mutane. Ramin da mugunya ta huda bakinsa zagayayye ne mai santsi, da sabon ƙashi a gefensa. Haƙorin kare kuwa danna bakin ramin yake ciki, galibi a kawunan ƙashi. Ɓera yana barin layuka bibbiyu a jere, saiwa kuma zane mai lanƙwashe-lanƙwashe marar zurfi.

Ciwon gaɓa ba a yanke masa hukunci da alama ɗaya. Ƙa'idar da masana cututtukan ƙashin dabbobi, Baker da Brothwell, suka kafa a 1980 ta nemi uku cikin huɗu: sheƙi irin na hauren giwa inda guringuntsi ya cinye, layukan karta a fuskar gaɓar, faɗaɗar fuskar, da tsiro a gefenta. Sheƙin gogar ruwa da yashi bai tsaya a gaɓa ba, ko'ina yake bi. Ko alamun sun cika, kada ka yi saurin cewa saniyar huɗa ce. Tsufa da nauyin jiki ma suna kawo haka.

Raunin da dabba ta mutu da shi cikin 'yan kwanaki bai samu damar tsiro ba, shi ya sa yake kama da fasawar mahauci. Kumburin naka kuwa, a yi masa hoton eksire kafin a ce karaya ce.