Kusbara: ganye ko ƙwaya?

Amarya, kin ce kin je kasuwar Kusuri ta Kamaru neman kusbara (kayan ƙamshin girki da ake kira coriander a Turanci), mai kayan ƙamshi ya auno miki ƙwaya, mai kayan lambu kuma ta miƙo ɗaurin ganye, kina tambaya ko ɗaya zai tsaya a madadin ɗaya. Ba zai tsaya ba. Tsiro ɗaya ne, amma a tukunya kowanne da aikinsa.

Ƙwayar wuta take so. Ki zuba ta a busasshen kasko, ki yi ta juyawa minti 2 ko 3 har ƙamshi irin na ɓawon lemo ya taso, sannan ki daka da tafarnuwa da citta. Wannan haɗin nake cusa wa karfasar kogin Logon kafin gashi, bayan na tsattsaga jikinta da wuƙa. A miyar nama kuwa tun wajen suyar albasa take shiga, ta dahu tare da naman. Don Allah ki bar sayen garinta da ake ƙullawa a leda, ƙamshinsa ba ya daɗewa. Ƙwaya kuwa sai ta shekara a kwalba in kin rufe ta da kyau.

Shi ganyen bai jure tafasa ba, busarwa ma kashe shi take yi. Sai kin sauke tukunya ki yayyanka ki barbaɗa. Akwai masu jin ɗanɗanonsa kamar sabulu, kuma ba iyayi ba ne, halitta ce da ake gado. Ni a ɗan faranti nake ajiye shi daban, mai so ya ɗiba.

Ki kula kada a haɗa ki da farsil (parsley, wani ganyen girki mai kama da shi), kama da wane ba wane ba ce. Danginsu ɗaya da karas da seleri, shi ya sa ido ke ruɗewa. Murza ganye ɗaya ki shinshina, na kusbara nan take zai bugi hancinki.

In kina da ɗan fili a tsakar gida, ki murza ƙwayar da ba a soya ba ta rabu biyu, ki shuka a hunturu, Nuwamba zuwa Janairu, a inda za ta zauna, don ba ta son dashe. Mako 4 zuwa 6 kin fara tsinkar ganye. Da zafin Maris ya shigo za ta yi fure, sai ki ƙyale ta ta bushe ki tara ƙwayar.