Giya na zamewa: mai da filta, ko a ɗora ta tokumbo?

Ɗan'uwa mai Corolla 2006, ka ce giyar motarka ta otomatik tana zamewa, kana tambaya ko a canza mai da filta ko a ɗora ta tokumbo. Kada ka yarda a sauke giyar nan a ɗora ta tokumbo tukuna, ko da bakanikenka ya matsa. Fara da canza man giya da filta, amma ka tsaya a kwance kwanon ƙasan giyar a gabanka, domin abin da ke cikinsa ne zai nuna ko kuɗin man zai yi rana.

Tawa irin taka ce, da ita nake zirga-zirga tsakanin Ringim da Kano. Da ta fara ciwon, sai in taka totur injin ya yi ta ihu motar ba ta ja, can sai ta kama da fizga. Da sassafe in na sa ta a D sai ta yi jim kafin ta motsa. Wani dattijon bakanike ya zaro sandar awon man giya, ya goga a farar takarda, ya shinshina, ya miƙo mini. Man ya yi duhu amma babu ƙauri. Ya ce, "Alhaji, da sauran ranta." Da ya sauke kwanon, filta ta cushe, mayen ƙarfen da ke manne a ciki ya lulluɓe da wata laka mai laushi kamar kwalli, wadda ya ce ba abin tsoro ba ce. Ya wanke, ya sa sabuwar filta da gasket, ya zuba mai. Allah ya saka wa dattijon nan, har yau motar tana hawa kwalta da buhunan gero ba gardama.

Giyar otomatik da matsin mai take aiki. Famfo ne ke tsotso man ta cikin filta ya tura shi ya matse faiba, wato fayafayan kulocin da ke cikin giyar. In man ya yi ƙasa, ko filta ta toshe, ko zafi ya gama da shi, matsin ya ragu, faiba ta dinga sulɓewa. Zafin bazararmu da tuƙi cikin yashi da lodi su ne ke saurin kashe man.

Idan kuwa ka ga man ya yi baƙi ƙirin yana ƙauri, ga ɓarɓashin ƙarfe ko gutsattsarin faiba a kwanon, to faiba ta riga ta ƙone, babu man da zai dawo da ita. Irin wannan ce ake canza wa mai ta ƙara lalacewa, sai a ɗora wa sabon man laifi. In man ya yi fari-fari da kauri, ruwa ne ya shiga, ko daga lagireto ko daga ratsa ruwa da damina, sai an toshe hanyar ruwan kafin komai.

Ta tokumbo fa? Sa'a ce kawai. Na taɓa ɗora wa wata tsohuwar Honda, ba ta ga damina ta biyu ba. In ta zama dole, a rubuta maka garanti a takarda.

Motarka man giya na Toyota T-IV take sha, duba jikin sandar awon za ka ga an rubuta. Corolla sabon zubi da suka biyo bayan zubin taka WS suke sha, Honda tana da nata DW-1, masu irin giyar da ake kira CVT kuma nasu daban ne, kada a gauraya maka. Lita 3 zuwa 4 ne zai fito, kusan rabin man yana maƙale a konbata, wato abin da ke haɗa injin da giya, saboda haka bayan ka yi 'yan makonni kana hawa ka sake tsiyayewa ka zuba sabo. Wanke giya da inji mai turo mai da ƙarfi, ni ban ba ka shawara ba a motar da ta riga ta fara zamewa. Awo kuma sai mota ta yi zafi, injin na aiki, tana P, a wuri mai lebur, man ya tsaya a alamar HOT. Ya wuce nan zai yi kumfa, zamewar ta dawo.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da masu sayar da mai. Akwai masu tara tsofaffin galan su ɗura kowane jan mai su liƙe, su ce maka ai duk man giya ɗaya ne. Shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano da ƙafarka wurin wanda ka sani, duba hatimin murfin, a buɗe a gabanka, in an gama ka huda galan ɗin. Tsohuwar filtar ma a ba ka a hannu, don wasu wanke ta suke yi da fetur su mayar, su caje ka kuɗin sabuwa. Kada kuma a cika gam a bakin kwanon, rarar ciki take faɗawa ta toshe filta.

In an yi duk wannan ba ta daina ba, kai ta a jona mata kwamfuta a duba solonoyid, wato bawul ɗin lantarki da ke sarrafa man, kafin ka fara maganar wata giyar.