Kyamarar Axon ta ƙirjin ɗan sanda: na'urar ta yi, amma wa ke riƙe da maɓallinta?

Axon Body ƙaramar kyamara ce baƙa, wadda girmanta bai wuce tafin hannu ba, da ɗan sanda ke maƙalawa a gaban rigarsa domin ta ɗauki hoto da murya yayin da yake bakin aiki. Kamfanin Axon na ƙasar Amurka ne ke ƙera ta, wanda har zuwa shekarar 2017 ake kiransa TASER International, da sunan bindigar lantarkin nan da ta fito da shi. A wannan bita ba daga gefen wanda ya ɗaura ta a ƙirji nake auna ta ba, daga gefen wanda take kallo nake auna ta, domin da sunan kare haƙƙinsa aka tallata ta, kuma da kuɗin harajinsa ake sayenta.

Idan batun ƙira ne, ba ni da abin kushewa sosai. Batirinta yana iya kai wa kimanin sa'o'i 12, wato tsawon aikin yini guda, kuma idonta yana da faɗi. Ɗan sanda ba zai iya goge abin da ta ɗauka daga jikinta ba. Idan ya tashi aiki sai ya ɗora ta a kan mazaunin caji, daga nan faifan ya wuce kai tsaye zuwa ma'ajiyar kamfanin ta intanet mai suna Evidence.com, inda ake rubuta sunan duk wanda ya buɗe shi da lokacin da ya buɗe. Abin da ya fi burge ni shi ne, muddin tana kunne, kyamarar tana riƙe da daƙiƙoƙi 30 na baya, ta yadda idan jami'in ya danna maɓallin sau biyu don fara naɗa, za a ga abin da ya faru kafin dannawar.

Sai dai duk wanda ya saba kallon irin waɗannan faya-fayai ya san cewa waɗannan daƙiƙoƙi na farko galibi shiru suke, domin a tsarin da akasarin rundunoni ke bi ba a adana muryarsu. Za ka ga bakin mutum yana motsi, ka ga hannu yana nuni, amma ba za ka ji wa ya fara ɗaga murya ba, alhali sau da yawa nan ne rigimar ta samo asali. Bayan haka, da zarar ɗan sanda ya ɗaga bindiga da hannu biyu, damatsansa ne ke rufe tsakiyar hoton. Idan aka shiga kokawa kuwa, ba abin da ake gani sai yadin riga da ƙasa da sama suna juyawa. Fuskar wanda ake kamawa tana cika allo, da tsoronsa da fushinsa, amma fuskar mai kamawar ba ta taɓa bayyana, sai dai idan kyamarar abokin aikinsa ta ɗauko shi. Wannan ba laifin maƙera ba ne, matsayin da aka ɗora na'urar ne ya jawo, amma ya kamata alƙali da mai kallo su riƙa tunawa da shi.

Babbar matsalar ita ce maɓallin yana hannun wanda ake son a sa wa ido, kamar dai an ba kura ajiyar nama. A watan Yunin 2020, lokacin da jami'an tsaro suka harbe wani mai gidan abinci, David McAtee, har lahira a birnin Louisville na Amurka, an gano cewa 'yan sandan da abin ya shafa ba su da faifan kyamarar jiki na abin da ya faru, lamarin da ya sa magajin garin ya kori shugaban 'yan sandan birnin. Kamfanin yana sayar da wani ƙarin tsari mai suna Axon Signal, wanda ke kunna naɗar da kansa idan aka zaro bindiga daga kube ko aka kunna fitilun gaggawa na mota, kuma a ganina duk rundunar da ta sayi kyamarar ba tare da shi ba rabin kaya ta saya. Duk da haka, marin da aka yi wa mutum a lungu ko cin hancin da aka nema a bakin hanya ba sa buƙatar a zaro bindiga.

Shin tana rage cin zarafi? Sunan da kyamarar ta yi ya samo asali ne daga gwajin da aka yi a ƙaramin garin Rialto na jihar Kalifoniya daga 2012 zuwa 2013, inda ƙorafe-ƙorafen jama'a suka ragu da kashi 88 cikin 100, amfani da ƙarfi kuma ya ragu da kimanin kashi 60. Bayan kisan Michael Brown, matashi baƙar fata da ɗan sanda ya harbe a garin Ferguson a watan Agustan 2014, gwamnatin Obama ta nemi a ware dala miliyan 75 domin taimaka wa rundunoni su sayi kyamarori 50,000. Amma da aka yi gwajin da ya fi wannan girma a birnin Washington, da jami'ai sama da 2,000, sakamakon da aka fitar a 2017 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin masu kyamara da marasa ita ba. Wani binciken kuma da Jami'ar George Mason ta fitar a 2016 ya nuna cewa kusan kashi 93 na ofisoshin masu gabatar da ƙara da ke samun irin wannan faifan sun yi amfani da shi wajen tuhumar farar hula, kashi 8 kacal suka yi amfani da shi wajen tuhumar ɗan sanda.

Inda na fi tsayawa shi ne tambayar wa ke da ikon fitar da faifan. 'Yan sandan da suka kama George Floyd a Minneapolis ranar 25 ga Mayun 2020 suna sanye da kyamarorin jiki, amma sanarwar farko da rundunar ta fitar cewa ta yi mutumin ya mutu bayan wata matsalar rashin lafiya. Bidiyon da Darnella Frazier, yarinya 'yar shekara 17, ta ɗauka da wayarta shi ne ya rushe wannan labari cikin sa'o'i, yayin da faifan 'yan sandan bai isa ga jama'a ba sai bayan fiye da wata biyu. Gaskiya ne ya yi amfani a shari'ar da ta kai ga ɗaure Derek Chauvin, ɗan sandan da ya danne wuyan Floyd da gwiwa, shekara 22 da rabi, kuma wannan abin yabo ne, amma ba shi ya buɗe ƙofar kotun ba. Dokoki ma sun sha bamban: tun 2016 jihar North Carolina ta ce sai da umarnin kotu za a saki faifan, ita kuwa Kalifoniya tun 2019 ta wajabta a fitar da shi cikin kwana 45 idan an yi harbi ko an ji wa mutum mummunan rauni, sai dai in da dalilin bincike. Na'ura ɗaya ce a wuraren biyu, amma amfaninta ga uwar da aka kashe wa ɗa ba ɗaya ba ne.

Akwai kuma batun sirri, wanda masu talla ba su cika ambata ba. Kyamarar tana shiga ɗakin kwanan mutane, tana ɗaukar matar da mijinta ya doka da yaron da ke kuka a gefe, duk kuma a ajiye a ma'ajiyar kamfani mai zaman kansa wanda ake biya kuɗin ajiya shekara-shekara. A 2019 Axon ya amince ba zai sa fasahar gane fuska a kyamarorin ba a lokacin, wanda mataki ne mai kyau, sai dai alkawarin kamfani ba doka ba ne. A 2024 kuma ya fito da Draft One, manhajar da ke saurarar muryar da kyamarar ta naɗa ta tsara wa ɗan sanda daftarin rahoto. Wannan bai kwanta mini ba, domin amfanin rahoto shi ne a ji abin da jami'in ya tuna da kansa, sannan a gwada shi da faifan.

Hukuncina shi ne kyamarar ta cancanci saye, kuma rundunar da ke da ita ta fi wadda ba ta da ita sauƙin bincike. Amma ba zan goyi bayan a kashe mata kuɗin jama'a ba sai an rubuta hukuncin jami'in da ya ƙi kunna ta, an hana shi kallon faifan kafin ya ba da bayaninsa na farko idan an yi kisa ko rauni, an ba wanda aka ɗauka da lauyansa damar samun kwafi cikin ƙayyadadden lokaci, sannan an miƙa ikon sakin faifan ga hukumar da ba ta ƙarƙashin shugaban 'yan sanda.