Otal mai kyau a Las Vegas, amma kuɗin rizot ya rage masa daraja

Otal ɗin da na sauka a kan babban titin birnin Las Vegas na Amurka ya cancanci yabo ta fuskar tsabta da karɓar baƙi. Ɗakin yana da faɗi, na'urar sanyaya ɗaki ba ta da ƙara, kuma ma'aikata suna amsa kira cikin hanzari da ladabi.

Abin da ya rage masa daraja a idona shi ne kuɗin da suke kira kuɗin rizot, wanda ake ɗorawa a kan kuɗin ɗaki kowane dare, kuma biyansa tilas ne. A rasit ɗina ya kusa dala 50 a dare, sannan aka ɗora masa harajin masauki na kashi 13.38 cikin ɗari, kamar yadda ake yi wa kuɗin ɗakin kansa. Da na nemi bayani, ma'aikaciyar da ke kan kanta ta miƙo mini wani ɗan kati da aka jera abubuwan da kuɗin ya ƙunsa, wato intanet, ɗakin motsa jiki, kiran waya na cikin gari da buga takardar shiga jirgi. Na shaida mata cewa taro ne ya kawo ni, kuma ban da intanet babu abin da zan taɓa, sai ta ce, "Yallaɓai, ka yi haƙuri, ba ni da ikon cire shi."

Laifin ba nata ba ne, domin tsari ne da ya daɗe a harkar. Matafiya da yawa suna jera otal-otal a shafukan intanet daga mai araha zuwa mai tsada, saboda haka a da otal ɗin da ya yanke wani ɓangare na farashinsa ya ajiye a gefe yakan haye gaban wanda ya faɗi farashinsa gaba ɗaya. Akwai kuma batun kamasho, domin shekara da shekaru dillalan intanet a kan kuɗin ɗaki kaɗai suke cire rabonsu, kuɗin rizot kuwa ya shige aljihun otal lakadan, har sai da shafin kama ɗakin otal na Booking.com ya sanar a 2019 cewa zai fara karɓar kamasho a kansa. A wancan lokaci, kafin baƙo ya ankara da kuɗin ya riga ya sayi tikitin jirgi, ya iso da jakarsa a gajiye, kuma da wuya ya juya.

Tun a 2012 hukumar kula da kasuwanci ta tarayyar Amurka, FTC, ta aika wa masu otal 22 takardun gargaɗi kan ɓoye irin wannan kuɗi, kuma daga 12 ga Mayu 2025 ƙa'idarta ta wajabta nuna jimillar farashi tun daga farko. Otal ɗin nan ya bi wannan ƙa'ida, kuma na yaba da hakan. Sai dai ɓoye kuɗin ne ƙa'idar ta hana, ba karɓarsa ba, kuma a ganina rashin adalci ne a tilasta wa baƙo biyan ɗakin motsa jikin da bai leƙa ba.

Wanda zai yini a otal yana morar kayan hutawarsa zai iya cin moriyar kuɗinsa. Wanda kwana kawai yake buƙata, gara ya nemi masauki a wajen babban titin, kuma ya tambaya ko ana karɓar wannan kuɗi kafin ya kama ɗaki.