Jami'a ko horon kamfani: zaɓin mai son rawa ta zama sana'arsa a Amurka

Matashin da ya kammala sakandare a Amurka yana son rawa ta ciyar da shi, hanyoyi biyu ne manya a gabansa: ya shiga jami'a ya yi digiri na shekara huɗu, ko ya shiga horo a ƙarƙashin kamfanin rawa. Irin rawar da yake yi ita za ta fara raba masa gardama, domin kowace da shekarun da ake ɗaukar mutum a cikinta.

Rawar bale (ballet), wato rawar dandamali ta Turai da mata kan yi a kan yatsun ƙafa, ba ta jira. Kamfanoni sun fi ɗaukar sababbi tsakanin shekara 17 zuwa 20, yawancinsu kuma kan ajiye dandamali kafin su kai arba'in. Wanda ya fito jami'a yana da 22 zai tarar da sa'o'insa sun riga shi da shekara huɗu. Shi ya sa mai bale da ya yi ƙwari ke neman gurbin ɗan koyo ko ƙaramin rukunin kamfani, irin ABT Studio Company na kamfanin American Ballet Theatre a New York. Makarantar School of American Ballet, wadda aka kafa a 1934, ita ke samar wa kamfanin New York City Ballet mafi yawan 'yan rawarsa.

A nan ne ake yawan yin kuskure. Sunan "ɗan koyo" ba ya nufin an ɗauke ka aiki. A wurare da yawa kai za ka biya kuɗin horo, ka biya haya, sannan ka cika layin baya a wasannin ƙarshen shekara ba tare da albashi ba. Kafin ka sa hannu, nemi amsa a rubuce: cikin waɗanda suka gama a shekaru uku da suka wuce, nawa aka bai wa kwantiragi? Mako nawa kwantiragin yake, tunda da yawa ba sa cika shekara? Wa ke sayen takalmin tsayawa a kan yatsu, wanda kan lalace cikin 'yan kwanaki idan aiki ya yi zafi? Akwai inshorar lafiya da likitan gashin ƙashi? Shekara biyu a irin wannan gurbi ba tare da ci gaba ba alama ce ta a sake lale.

Mai rawar zamani ko wasan dandamali irin na Broadway, unguwar manyan gidajen wasan kwaikwayo a New York, yana da sarari, kuma jami'a kan amfane shi. Digirin iri biyu ne. BFA, wato digirin ƙwarewa a fasaha, na mai da hankali kan rawar kanta, kusan kashi biyu cikin uku na darussa a ɗakin atisaye ake yin su. BA kuwa, wato digirin gama-gari, yana barin wuri ka haɗa da wani fanni, kamar ilimin motsa jiki ko kasuwanci, wanda zai riƙe ka ranar da gwiwa ta ƙi. Makarantun Juilliard, da Tisch ta Jami'ar New York, da SUNY Purchase, da shirin haɗin gwiwa na makarantar rawa ta Ailey da Jami'ar Fordham duk BFA suke bayarwa. Ga wanda bai son barin bale, Jami'ar Indiana da Jami'ar Butler sun yi suna.

Matsalar jami'a ita ce bashi. Albashin ɗan rawa a farkon sana'a kaɗan ne, aikin kuma yana yankewa, don haka bashin da injiniya zai biya cikin sauƙi kan tilasta wa ɗan rawa barin dandamali. A cike FAFSA, fom ɗin neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya, da wuri, a kuma kwatanta abin da ya rage bayan an cire tallafi, kada a tsaya kan kuɗin da aka lika a talla.

Duk inda za ka, je ka gani da idonka. Zauna a ajin 'yan shekarar ƙarshe, ka lura ko malami na gyara wa kowa ko mutum uku kawai yake kallo. Yi tsalle a daɓen ɗakin: idan siminti ne a ƙarƙashi, ba katako mai ɗan lanƙwasa ba, tsagewar ƙashin ƙafa da ciwon ƙwauri na nan tafe. Tambayi awa nawa ake atisaye a rana, da sau nawa ɗalibi ke hawa dandamali a zango.

Gwajin rawa na zaɓar waɗanda za a ɗauka ya fi yawa daga Janairu zuwa Maris, wasu makarantun kuma sai sun tace bidiyon rawar masu nema tun Disamba. Ranar gwaji za a maƙala maka lamba a ƙirji, ana iya sallamar rabin ɗakin kafin a kai ga rawar da ka shirya. Saboda haka a nemi jami'a da kamfani a lokaci guda. Jami'o'i da dama kan yarda a ɗage shiga da shekara ɗaya, amma a tabbatar a rubuce cewa tallafin da gurbin sashen rawa za su jira, don wasu sai an sake gwaji. Wanda kuma ya fara aiki yana iya yin digiri daga baya ta shirin LEAP na Kwalejin Saint Mary's a Kalifoniya, wanda aka tsara don 'yan rawa masu aiki, yana kuma lissafa gogewar dandamali cikin makin karatu.